Hular da Haula Ta Ɗinka

Mamadu mai wankin hula ba ya zama yatsunsa su huta. Ko hira ake yi, ko jiran liman ake yi a sahu, za ka ga babban yatsansa na dama ya manne da manuni, ya ɗan tsaya, sannan ya buɗe a hankali. Baƙo kan zaci tasbihi yake yi. Mu da muka san shi mun san ba haka ba ne. Da haka yake gwada kaurin sitaci: ya tsoma yatsu biyu a kwano, ya haɗa su, ya raba, ya duba irin zaren da ya miƙe a tsakani. Hannun ya saba har ya daina jiran kwano.

Rumfarsa tana jingine da shagona, inda nake sayar da zare da allurai, a wani lungu da ke ɓullewa kasuwar Mubi. Iyayensa daga Borno suka zo da fatauci, shi kuwa a nan ya buɗe ido, a nan ya koyi sana'a. Aikin ba shi da ban mamaki ga mai kallo. A wanke hula, a tsoma ta a sitaci, a kifa ta a kan kututture mai siffar kai, a bubbuga da ƙaramar gudumar katako, a jera a rana. In ta bushe a bi ta da dutsen guga sama-sama. Sitacin rogo yake dafawa, ya jefa ɗan ƙaro a ciki, irin wanda ake kawo masa daga garin iyayensa. Da rani ba shi da kuka. Da damina kuwa sitacin kan yi tsami kafin azahar, hula ta yi fumfuna, in mai ita ya ajiye ta a ɗaki kyankyasai su bi zaƙin rogon su cinye zaren. Mai hula ba ya zagin kyankyaso. Mamadu yake zuwa ya zaga.

Akwai benci a bakin rumfar, kuma kowa a lungun ya san na wane ne. Na Mahamat ne, dillalin shanu, abokin Mamadu tun suna yara. In an tashi daga kasuwar shanu nan yake zuwa, ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafa, a kawo tuwo su ci a kwano ɗaya.

"Mai dukan kan mutane, yau kan wa ka fasa?" haka Mahamat yake sallama.

"Naka nake jira, Alhaji. An ce babu kututturen da ya kai shi girma a Mubi."

"Girman kai na masu shanu ne. Kai me kake da shi ban da kumfa?"

Matar Mahamat, Haula, ɗinkin hula take yi, kuma a wurina take sayen zare. Mace ce mai tsantseni wajen launi. Takan sa in fito da zaren waje ta gan shi a hasken rana kafin ta yarda. Zare na ƙarshe da ta saya fari ne, da shuɗi mai haske, da ɗan ja da za ta zagaye saman hular da shi. Ta ce wannan ba ta sayarwa ba ce, ta maigida ce, kada in faɗa masa. Ban faɗa ba.

Ta cire allura daga hular ke nan shekarar gudu ta same mu, lokacin da 'yan bindiga suka shigo gari. Ba zan tsaya a kan wannan ba. Duk wanda ya kwana a Mubi a lokacin yana da nasa labarin. Mu mun bi ta Mugulbu. Su Mahamat suka nufi Sahuda a ƙafa, suna neman tsallaka iyaka. Da gari ya lafa aka soma dawowa, Mahamat ya dawo da 'yarsa Amina, da tufafin jikinsa, da hular a aljihu. Haula ba ta dawo ba. Muka ce ba za mu tambaye shi ba sai ya faɗa da kansa. Bai faɗa ba.

Wanda bai san sana'ar ba ya kamata ya san wannan: hular da aka gama ɗinkawa ba ta sawuwa a ka. Takan fito daga hannun mai ɗinki a yamutse, da dauɗar yatsu da gumin watanni. Sai an wanke an sa sitaci take tsayawa. Mahamat bai kawo tasa wanki ba. Shekaru suka yi ta wucewa tana naɗe cikin ƙyalle a ƙasan akwati. Mamadu ya taɓa yi masa maganar sau ɗaya. Mahamat ya ce, "Hannunta yana jiki." Daga nan ba a sake ba.

Bayan gudun nan ƙaro mai kyau ya yi wuya, hanyoyin da yake biyowa ba kowa ke binsu ba. Ana cikin haka Dibora ta buɗe shago a bakin lungunmu. Yarinya ce 'yar gari da ta yi karatun haɗa sinadarai, tana sayar wa mata kayan yin sabulun ruwa da man shafawa. Wata rana da damina ta tarar da Mamadu yana zubar da kwano guda na sitaci da ya yi tsami, yana ƙunƙuni.

"Baba, kullum kana ciyar da kwata," in ji ta. "Bari in kawo maka abin da ba ya tsami."

"In ba ya tsami, 'yata, ai ba abinci ba ne."

"To dama hula abinci take ci?"

Ta dawo da wani farin gari a leda, tsaki-tsaki kamar sukari, ba wari ba ƙamshi. Ta ce sunansa polibinal alkohol, kuma kada sunan ya dame shi, ba shi da haɗi da abin sha. Mamadu ya gwada faɗa, harshensa ya ƙi, ya ce shi dai garin Dibora zai ce. Da wannan sunan ya zauna a lungun.

Ina daga shagona ina jin bayaninta. Ta ce ba a gona ake samunsa ba, a masana'anta ake yinsa: akan fara da wani irin danƙo, dangin farin gam ɗin kafintoci, sannan a sarrafa shi har ya koma abin da ke son ruwa. Ta ce a ɗauka wasu zaruruwa ne dogaye da ido ba ya gani, kowanne da 'yan hannaye masu kama ruwa. In ruwan ya bushe, hannayen su kama juna, su zama fata siririya. Da shi ake yin gam ɗin takarda na 'yan makaranta, da shi masaƙun zamani ke shafe zare don kada ya tsinke a kan inji, har akwai ledar sabulu da ake yi da shi wadda ke narkewa in ta ji ruwa.

Ta nuna masa dafawa. A fara jiƙa shi a ruwan sanyi ana juyawa, sannan a ɗora a wuta maras ƙarfi, a yi ta juyawa har ya narke ya yi garau. In aka zuba shi kai tsaye a tafasasshen ruwa, gudaji zai yi, waje ya yi yauƙi, ciki ya zauna ɗanye. Mamadu ya tsoma yatsu biyu, ya haɗa, ya raba. Ya daɗe yana kallon zaren da ya miƙe. Ya shafa kaɗan a bayan faranti ya ajiye a rana. Da la'asar ya ɓare shi, ya fito kamar ɓawon albasa, ana hango yatsa ta cikinsa.

A ƙarshen lungun akwai wani mai wankin hula, Tsoho, wanda kakanninsa daga wajen Katsina suka zo. Da ya ji labari ya taso har rumfar, ya kira shi da Ba, yadda 'yan Borno ke kiran babba.

"Ba Mamadu, na ji ka koma sa wa mutane leda a ka."

"Kai ka ci gaba da dama musu kunu."

"Kunu ubana ya sani, kunu na sani. Wannan abin naka, ranar da zai juya maka baya ba zai yi sallama ba."

Muka yi dariya, har da Mamadu.

Daminar nan hulunan Mamadu ba su yi fumfuna ba. Suka tsaya cak, farinsu bai dushe ba, kyankyasai ba su damu da su kamar da ba. In hula ta dawo wanki, ruwan ɗumi kawai take so, tsohon abin ya narke ya fita. Masu kawo aiki suka ƙaru. Na ga Mamadu ya sa an sassaƙa masa sababbin kututtura. Ban taɓa ganinsa da sakin fuska irin na wannan lokacin ba.

Sai aka sa ranar auren Amina. Ana saura 'yan kwanaki, Mahamat ya zo da hantsi, lokacin da ba ya zuwa. Bai yi barkwancin da ya saba ba. Ya zauna a bencinsa, ya ciro ƙyalle daga aljihu, ya warware a kan gwiwa.

"Ita zan sa ranar ɗaurin aure," in ji shi. "Uwar yarinya ta halarta ko ta haka ne."

Mamadu ya goge hannuwansa a riga kafin ya karɓa.

"Mamadu, ba ni da wata."

"Na sani, Alhaji."

"Ba hula nake nufi ba."

"Na ce na sani."

Ya wanke ta ita kaɗai a sabon kwano, da ruwan sanyi saboda jan zaren. Ya dafa garin Dibora da kauri fiye da yadda ya saba, don yana so ta tsaya tsayuwar da ba a taɓa gani ba. Ta bushe a kan kututture, ta yi kyau ƙwarai. Na fito na gani. Aikin Haula ya fito sarai, shuɗin nan kamar a ranar ta saye shi. Da ma a nan ya tsaya.

Amma masu wankin hula na da suna da wani abu da suke kira gugar ango. Ba kowace hula ake yi wa ba, sai ta babbar rana, kuma sai ga wanda ake ganin girmansa. Akan cika dutsen guga da sabon garwashi, a fifita har in an ɗiga ruwa ya yi tsalle, sannan a danna shi a saman hular ba tare da ƙyalle a tsakani ba, a jingina da nauyin jiki, a daɗe. Sitacin rogo yana son haka. Yakan fito da sheƙi kamar an shafa mai. Mamadu ya gaji wannan daga maigidansa, kuma tun da ya koma garin Dibora ba a kawo masa hular da ta cancanci gugar ango ba sai wannan.

Wari na fara ji, wani irin ƙauri mai tsami-tsami. Da na leƙo, yana tsaye da dutsen guga a hannu, bai ajiye ba. Saman hular ya koma ruwan shayi, tsakiyar ta fi duhu. Ya taɓa da yatsa, ta yi ƙara kamar busasshiyar ƙwarya.

Ya tsoma ta a ruwa. Gefen ya yi laushi, saman ya ƙi. Aka kira Dibora, ta zo da gudu, ta juya hular a hannunta.

"Baba, wuta ka sa masa? Wannan abu ba ya son wuta mai yawa. In ya sha zafi sosai yana kullewa, ruwan sanyi ba ya buɗe shi kuma. In ya wuce haka sai ya canza launi."

"Ba ki faɗa mini ba."

"Ban san kuna guga haka ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

Gaskiya ta faɗa. Ita ta san garinta, ba ta san gugar ango ba. Shi ya san gugar ango. Ta ce a gwada ruwa mai zafi ƙwarai, a bar ta ta daɗe a ciki, wataƙila wani ya saki, ko da yake inda ya ƙone ba ta yi alkawari ba. Mamadu ya ɗiga ruwan zafi a gefen jan zaren don gwaji. Nan take jan ya soma zuba yana bin farin. Ya janye hannu da sauri. Abin da zai narkar da gam ɗin shi zai kwashe launin Haula.

Mahamat ya zo karɓa ana gobe ɗaurin aure. Mamadu bai ɓoye ba, bai kuma yi dogon bayani ba. Ya miƙa masa da hannu biyu. Mahamat ya duba sama, ya duba ciki, ya kai ta hancinsa ya shinshina. Ina jin wannan shinshinawar ta fi komai yi wa Mamadu ciwo.

"Na ce ka wanke," in ji Mahamat a hankali. "Ban ce ka gwada ba."

"Alhaji, so na yi ta fi kowace."

"Ta riga ta fi kowace kafin in kawo ta."

Ya ajiye ta a kan kututturen da kansa. "Riƙe. Ranar da ta koma yadda ta ɗinka ta, ka aiko a kira ni, in zo in zauna." Ya dubi bencin, ya sa takalminsa, ya tafi. Washegari ya ɗaura auren 'yarsa da hular kanti. Mamadu ya je, ya tsaya a bayan taro, aka shafa fatiha ya dawo rumfa.

Ba su yi faɗa ba. In sun haɗu a masallaci suna gaisawa, a tambayi iyali, a tambayi gajiya. Sai dai Mahamat ya koma bin ɗaya lungun in ya taso daga kasuwar shanu, tuwon rana kuma aka rage shi zuwa na mutum ɗaya. Na taɓa ce wa Mahamat, "Alhaji, benci yana ta shan rana." Ya ce, "Ai na faɗi ranar da zan zo." Ban ƙara ba.

Mamadu ya samo wa kansa hanya. Yakan ɗora ɗan gwangwanin ruwa a kan garwashi, ya naɗa auduga a kan tsinke, ya tsoma, ya ɗora a kan ɗinki ɗaya, nesa da ja. In ya yi laushi ya sa bakin allura ya ɗaga fatar gam ɗin, ɗan mitsitsi kamar ƙaiƙayi, ya goge a gwiwa. Sannan ɗinki na gaba. Wani wurin farin yakan dawo, wani wurin ya tsaya a ruwan ƙasa-ƙasa, ya sake bi. Da safe yake yi, lokacin da haske ya fi kyau, wato lokacin da ya kamata a ce yana wankin mutane.

Na ce masa, "Ba Mamadu, ina da irin zaren nan. A ba wata ta warware saman ta sake ɗinkawa, wa zai gane?"

Ya ɗago ya dube ni. "Ya ce yadda ta ɗinka ta."

Labari ya zaga kasuwa cewa Mamadu ya ƙone hular marigayiya. Masu manyan huluna suka janye ɗaya bayan ɗaya, sauran kuma suka gaji da zuwa ana ce musu ba a gama ba. Shi kansa ya bar garin Dibora ya koma rogo, fumfuna ta dawo, zagi ya dawo. Tsoho kuwa, wanda ya ce leda ce, na gan shi wata safiya yana fitowa daga shagon Dibora da ƙullinsa. Ya tambaye ta komai, har da zafin dutsen guga, tunda yanzu an san abin tambaya. Yana shimfiɗa ƙyalle, yana guga da wuta kaɗan. Yau shi ke wanke wa manyan dillalai, ya ƙara rumfa ta biyu, kuma in ana hira yakan ce shi ya fara kawo wannan dabara Mubi. Ba na gyara masa. Sababbin kututturan Mamadu ma a wurinsa suka ƙare.

Idanun Mamadu suka soma ba shi wahala. Kallon abu ƙarami ga tsoho, ga hayaƙin gawayi kullum. Suka yi ja, suna masa kamar an zuba yashi. A asibiti aka ce bushewa ce, aka rubuta masa maganin ɗigawa. Ya kawo wa Dibora kwalbar ta karanta masa yadda ake sawa, don tun abin nan ba ta daina leƙo shi ba. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Mene ne, 'yata?"

"Baba, shi ne a ciki. Irin garin nan ne, amma wanda aka tace don magani. Yana riƙe ruwa a ido. Kada dai ka ce za ka sa na shago."

Mamadu ya karɓi kwalbar ya ɗaga ta a haske. Ya yi wata dariya da ban so ba.

"Ya ci mini hula, ya ci mini aboki, yanzu kuma shi zai ba ni hawaye."

Ya ɗiga, ya ƙifta, ya jawo kututturen.

Haka ya yi ta yi, damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ya fara daga gefe yana nufar tsakiya. Wani lokaci yakan kira ni, "Malam, zo ka duba da idonka, nawa sun daina faɗa mini gaskiya. Ya yi fari?" In ce ya yi. Sau da yawa ya yi ɗin. Da ya ci fiye da rabi na ce ya aika wa Mahamat ya zo ya ga inda aka kai. Ya ce a'a, ba haka aka yi da shi ba. Su biyun duk mutane ne masu riƙe magana.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, bai daɗe ba. Ranar da bai fito ba na ɗauka gobe zai fito. Mahamat yana sahun gaba a jana'iza, har da shi aka ɗauki makara, kuma na ga ya daɗe a bakin kabari bayan mutane sun juya.

Bayan an share makoki iyalin Mamadu suka ce in buɗe rumfar in ga abin da ke na mutane a mayar musu. Na aika aka kira Mahamat. Ya zo ta lungunmu, karo na farko tun ranar nan. Ya tsaya a bakin rumfar. Hular tana kan kututture an lulluɓe ta da ƙyallenta, na yaye. Kusan duk saman ya koma fari, shuɗin ya fito, jan bai ƙara zuba ba ko kaɗan. A tsakiya ne kawai saura tabo mai duhu, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba.

Mahamat ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Na jawo masa bencin. Ya dafa shi da hannu, bai zauna ba.

"Ɗauki abinka, Alhaji," na ce.

"Bai aiko ba," in ji shi. Ya juya ya tafi.

Na kai hular shagona, tana can a kantar sama, a kan kututturenta. Gwangwanin yana gefe, da tsinken da audugarsa ta bushe. Allurar tana nan a soke a bakin tabon, inda ya tsaya.